Rasuwar Goggo Alo, Rediyon Asibitinmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da fuskar da kunya ta hana ɗagowa, ni Youssouf, mataimakin likita a ƙaramin asibitin Wuro Bappa, nake sanar da ku ƙarshen abin da kuka yi wata tara kuna gani kuna kau da kai. Rai ya yi halinsa. Goggo Alo, rediyon da muke magana da ofishin lafiya na Garwa ta bakinta, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata, goma ga Agustan 1976, da misalin bakwai da rabi na safe.

Kada wanda ya ce bai san ba ta da lafiya ba. Gorar da ke riƙe da eriyarta ta karkace tun kaka, kuma ta gindinta kuke bi ku tafi rijiya. Akwai mai ɗaure akuya a jikinta. Akwai wadda ta ga wayar ta sauko daidai hannu ta gode wa Allah ta shanya zane. Na san sunayenku. Ban rubuta su ba don nawa ne zai zo a sama.

Marigayiya ta zo mana shekara biyar da suka wuce a bayan motar auduga, cikin akwatin katako. Tsakaninmu da Garwa babu igiyar tarho, ko ta ɗaure kaza, amma sai murya ta hau wayar eriya, ta faɗa iska, ta tsallake duwatsu da kogin Binuwai, ta sauka a kunnen Michel, mai kula da rediyon can, kafin ka haɗiye yawu. Ba ta taɓa neman komai ba sai batir mai caji da inuwa. Sau biyu take farkawa a yini, bakwai na safe da huɗu na yamma. Da bakinta aka kira mota wa masu naƙuda, da bakinta aka samo maganin sarar maciji wa mutum uku da har yau suke noma.

Babban halinta shi ne ladabi. Ba ta magana tana saurare lokaci guda. In ka danna maɓallin, bakinta ya buɗe, kunnenta ya toshe. In ka gama sai ka ce “à vous”, wato saura kai, ka saki, sannan ɗan'uwanka ya samu hanya. Shekara biyu ina zaune gabanta ban koyi wannan ba.

Za mu yi kewar muryarta. Takan fara da shhh, sai ƙarrr kamar ana suyar gyaɗa, kuma da damina kowace walƙiya sai ta yi tari. Daga cikin tarin sai ka ji Michel: “Alo Wuro Bappa, alo Wuro Bappa. Ɗan boko ne? Kai, ba ni Mama Berthe ungozoma, yau ina sauri.”

Ga yadda ciwon ajali ya kasance, kuma zan faɗe shi duka. Ranar Litinin da safe Michel ya ce ta bakinta: “Ɗan boko, muryarka kamar sauro a cikin tulu. Fita ka dubi eriyarku.” Na amsa masa cewa ina da takardar makaranta, kuma na san hadari ne ke danne murya. Ban fita ba. Da la'asar aka yi iska, gorar ta kwanta cikin geron bayan asibiti, wayar ta tsinke. Ni kuwa ina ɗaki ina rubuta rahoto mai shafi tara, mai suna “Sakacin Jama'armu”.

Minti biyar ake ba kowane asibitin ƙauye. Ranar Talata Mama Berthe, ungozomarmu, ta tsaya a bayana tana jiran ta nemi mota wa Georgette, matar Georges maƙeri. Cikin Georgette ya shiga wata tara, ɗan ya kwanta a gicciye, kuma Mama Berthe ta ce haihuwar ta Garwa ce, ba ta hannunta ba. Na ce mata ta yi haƙuri, damuwar al'umma tana gaba da ta mutum ɗaya. Na danna maɓalli na fara karatu.

A shafi na huɗu marigayiya ta ɗau zafi, na ɗauka kishin ƙasa ne ya kama ta. A shafi na bakwai na ji ƙauri, na zaci maƙwabta ne ke ƙona shara kusa da asibiti, har na ƙara musu layi biyu daga kaina. A shafi na takwas, daidai inda na rubuta cewa al'ummar da ba ta ɗaga kai ta dubi abin da ke samanta ba za ta ci gaba ba, hayaƙi ya fito ta bayanta. Ta ce “tsit”. Shi ke nan.

Duk wanda ya taɓa rediyo ya san cewa in babu eriya murya ba ta da ƙofar fita, sai ta koma ciki ta ƙone mai ita. Ni ma na sani, na ma ci jarrabawa a kai. Mama Berthe ta dube ni ta ce: “Ɗana, ka gama? To ko kaza ba ta ji ka ba. Gorar tana cikin gero tun jiya.” Ta ɗauki jakarta ta nufi gidan Georges. Na gwammace da ta mare ni.

Marigayiya ta rasu ta bar yayanta, akwatin rediyon teburin mai shayi, wanda ke surutu tun safe har dare bai taɓa jin amsar kowa ba. An ce muna kama. Ta bar ɗan baffanta, tarhon gidan waya na Garwa, wanda ke barin mutum biyu su yi musu lokaci guda, amma ɗaure yake da igiya, igiyar kuwa ba ta san hanyar garinmu ba. Ta bar batir guda, yana zaman takaba ƙarƙashin tebur. Ta bar Georgette, wadda ba a faɗi sunanta a iska ba.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a binne ta a nan ba, sai Michel ya buɗe cikinta ya gani ko da sauran numfashi. Mayo, wato rafin da ke tsakaninmu da kwalta, ya cika, mota ba ta ƙetarowa, kuma ba mu da bakin kiranta ta jira mu a ɗaya gaɓar. Don haka gawa za ta tafi a kai, gobe Alhamis da fitowar rana, daga ƙofar asibiti zuwa bakin kwalta a Ngong, inda za mu tsayar da motar da ta fito daga Ngaundere. A bayan gawa za a ɗauki Georgette a kan gadon kara, Mama Berthe na gefenta, domin naƙuda ba ta jiran gyaran rediyo. Tafiyar awa uku ce, kuma ruwan ya kai ƙirji. Georges zai riƙe gaban gadon. Ni zan ɗauki marigayiya, kuma an hana ni jawabi a hanya.

Ba a karɓar gaisuwar ta'aziyya, kada kowa ya kawo goro. Maza takwas nake nema masu kafaɗa, huɗu su ɗauka huɗu su karɓa, da biyu da suka san mashigin mayo. Waɗanda suka rage su saro sabuwar gora su kafa kafin mu dawo. Kai da ka karanta wannan a ƙofar asibiti, kada ka waiwaya neman wanda ake nufi. Naɗe wandonka, ka zo gobe kafin rana ta ɗaga.