Rasuwar Ɗan Haɗeja, Injin Janye Ruwan Unguwar Ɗinya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Sharhabilu tela, shugaban Ƙungiyar Taimakon Kai da Kai ta Unguwar Ɗinya da ke Dutse, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injin janye ruwa na ƙungiya, wanda yara da manya suka fi sani da Ɗan Haɗeja. Ya cika ne jiya Laraba bayan la'asar, a bakin aikinsa, a gefen kududdufin unguwa. Shekarunsa sai Allah, domin da tsufansa ya zo garin.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a fadamar Haɗeja yana shayar da tattasai da albasa. Sanadin zuwansa Dutse kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da aka ƙirƙiro jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano suna neman ɗakin haya, kowane magidanci ya ga kasuwa ta buɗe, ya saɓi diga ya nufi ramin bayan unguwa yana haƙar ƙasar gini. Ɗakuna suka tashi, rami ya zama tafki. Tun daga nan duk ruwan da ya gangaro daga kan duwatsu nan yake sauka, in ya cika ya faɗa gidajen mutane ba sallama. Da abin ya ishi jama'a aka yi karo-karo, Malam Sharhabilu ya rufe shago ya je ya ɗauko marigayin a bayan motar haya. A zauren Malam ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, lulluɓe da tsohon labule.

Kowa ya shaide shi da haƙuri. Bai taɓa tambayar wa ya fito aikin gayya, wa ya laɓe a ɗaka ba. Gidan mai rowa da na mai kyauta duk ɗaya ya ɗauke su. Aibinsa guda ne, wuyar tashi. Sai an ja igiya ya ce "fir... fir...", ya yi gum kamar an ɓata masa rai, sai mai ja ya jiƙe da gumi sannan ya yi gyaran murya: "tuf... tuf... tuf-tuf-tuf-tuf!" Wannan murya ita ce sanƙiran unguwa. Da mata sun ji ta sai su daina ɗora kwanuka a kan gado, mazan da suka yi kunnen uwar shegu da aka kira yasar kwata kuma kunya ta fito da su, kowa da sheburinsa.

Ba wanda rashin nan ya taɓa kamar Iya Gaji, ungozomar da ta yanke wa rabin samarin unguwa cibiya, wadda ba a taɓa yin aikin gayya ba ta aiko da kunun tsamiya ba. Gidanta na ƙasa ne, shi ne na ƙarshe kafin bakin kududdufi. Bara 'yarta ta zo daga Taura da niyyar tafiya da ita. Malam Sharhabilu ne ya durƙusa gaban Iya ya ce ta yi zamanta, muddin Ɗan Haɗeja yana numfashi ruwa ba zai taɓa katangarta ba. Iya ta yarda da maganarsa, 'yar ta koma ita kaɗai.

Ciwon ajali ya somo ne tun wahalar man fetur, lokacin da ba a samun abincinsa sai a galan ɗin 'yan cuwa-cuwa, rabi fetur rabi kananzir. Ya sha bai yi ƙorafi ba, sai dai tari da baƙin hayaƙi. Da rani kuma bai samu hutu ba. Alhaji Abdulbaƙi ya are shi don buga bulo, Hashimu ya kai shi lambunsa na Jahun, duk wanda ya dawo da shi sai ya yi masa kirari ya shafa bayansa, amma ba wanda ya tuna ya duba baƙin mai, kowa yana zaton na gabansa ya zuba. Abin kowa, ai ba na kowa ba ne.

Ruwan da aka kwana ana yi ranar Talata shi ya ƙarasa shi. Tun da gari ya waye yake aiki, muryarsa tana dushewa, jikinsa ya yi zafi har ba a iya taɓawa. Malam Sharhabilu ya so ya kashe shi ya huta, ya dubi ruwa yana lasar gindin katangar Iya, ya kasa. Can marigayin ya ce "kaf... kaf...", ya yi wata ƙara "ƙarrr", shi ke nan. An ja igiya har ta tsinke. Aka kira Ashafa makaniki, ya kwance shi ya leƙa, ya goge hannu da tsumma ya ce inji ya buga, ko a Kano sai an dace za a samu kayansa. An garzaya ofishin da ya kamata a nemi agaji, aka ce masu sa hannu sun tafi ganin iyali, sai Litinin. Malam ya dawo ya zauna kusa da gawa, dattijo da gemunsa, yana share ido da hannun riga.

Ya rasu ya bar mesa biyu, babbar tana fama da faci na robar tayar keke. Da guntun igiya. Da sifana mai lamba ɗaya da ba ta taɓa zama daidai da notinsa ba. Da ɗan'uwansa janareton masallaci, wanda shi ma yau lafiya gobe babu. Ya kuma bar gidaje masu yawa da ba su san inda za su sa kansu ba, ga damina ko rabi ba ta yi ba.

Game da jana'iza, Liman ya aiko da jan kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, an kuma karɓi maganarsa hannu bibbiyu. 'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo neman gawa tun ba ta huce ba, Malam ya ce su ba shi wuri. An mayar da marigayin zaure an rufe shi.

Zaman makoki ba a zauren za a yi ba. Za a karɓi gaisuwa gobe da sassafe a bayan gidan Iya Gaji, inda katanga ta jiƙe har ƙugu, ta soma tsagewa. Ana roƙon masu zuwa kada su wahalar da kansu da goro ko dabino. Kowa ya zo da bokiti da buhun yashi. Malam Sharhabilu ya san ba a kwashe tafki da bokiti, amma ba shi da abin da ya fi wannan. Ɗazu ya shiga ya roƙi Iya ta kwana gidansa, ta dube shi ta ce, "Kai ka ce in zauna, Sharhabilu, na kuwa zauna. Yanzu kuma ina za ni?" Ya fito, ya tarar hadari ya sake haɗowa daga gabas.

Masu ƙarfi su daure su zo da wuri. In katanga ta kai gobe, za a tare ta da buhuna. In ba ta kai ba, akwai gadon Iya da tukwanenta da za a ɗauka zuwa tashar motar Taura. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.