Ranar Da Na Kashe Zarton Inji A Gindin Madaci

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na yi abin kunya a gaban mutanen garinmu ba. Shekarar da ruwan Kainji zai ci garin ce. An gina mana gidajen siminti can kan tudu, saura kwana huɗu motar kwasar kaya ta zo.

Babana masassaƙin jiragen ruwa ne. Akwai wani madaci a bayan gidanmu da ya daɗe yana kiwonsa da ido, yana cewa da shi zai sassaƙa jirginsa na ƙarshe. Da gatari sai ya yi mako bai kayar da shi ba. Ni kuwa lokacin ina lebura wurin masu share daji, wata biyu kacal (amma a gari Injiniya ake ce mini, kuma ban taɓa hana kowa ba). Na roƙi helumanmu, wato shugaban leburori, ya ara mini zarton inji na yini guda. Ya nuna mini ƙusoshi biyu a jikin kafireta, ya ce, "Waɗannan kada ka taɓa su."

Gari ya taru. Na ja igiya, inji ya tashi, yana cin itace lafiya lau. Ni dai sai na ji ƙararsa ba ta kai ta taro ba. Na taɓa ganin makaniki ya murɗa ƙusar nan inji ya yi kuka, don haka na sa bakin wuƙa na murɗa, na rage masa mai. Kai! Ya dinga ihu, mata na guɗa, Inna tana ce wa maƙwabta, "Ɗana ne fa!" Ashe man da ke sanyaya cikinsa a gauraye yake da fetur ɗin da na rage. Muna tsakiyar itace ya yi tari sau biyu, ya yi tsit.

Na ja igiya har kafaɗata ta sage. Wani tsoho ya ce, "Injiniya, mi ya same shi?"

"Hutawa yake," na ce, gumi na zuba (wallahi haka na ce).

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Baba ya shiga gida ya ɗauko gatari. Kwana uku muna sara, tafin hannunsa duk ya fashe. Mota ta zo madacin na tsaye, ruwa ya ci shi a haka. Injin ya ƙone, an kore ni daga aiki, amma ba wannan ke ci mini rai ba. Har Baba ya rasu bai sake sassaƙa jirgi ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi.

Na koyi cewa abin da ke tafiya daidai ba ya bukatar gwanintata. Ni na ɗauki darasin, Baba ne ya rasa jirginsa.