Ranar da Aka Yi Mini Hayaƙin Barkono a Rumbun Babana

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na fara tafiya jami'a ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Farkon shekarun casa'in ne. Ni ne na farko daga ƙauyenmu, can bayan Kiru, da jami'a ta ɗauka, kuma wallahi na tabbatar kowa ya sani, har waɗanda ba su tambaya ba. Tun ranar da aka kai mu kallon madatsar ruwa ta Tiga muna 'yan sakandare na yanke shawara injiniyan ruwa zan zama. (Ni da ko randar Inna ban taɓa cikawa ba sai an yi mini tsawa.)

A wajenmu mai doguwar tafiya ba ya sulalewa haka nan. Sai ya bi gida-gida ya yi sallama, a sa masa albarka, a ba shi guzuri. Ni kuwa na bi har gidajen da ba a san da zamana ba, sanye da wata baƙar kwat ta gwanjo mai kafaɗu kamar na sace ta daga jikin ɗan dambe. Aka tara mini ƙuli-ƙuli, da garin ɗanwake, da man shanun da Fulanin rugar bayan gari suka aiko. Ranar tafiya aka taru a ƙofar gidanmu, liman ya yi addu'a, tsofaffi mata suna share hawaye.

Mutum ɗaya ne bai share komai ba, wato Kawu Ilu, ƙanin Babana, wanda tun ina yaro yake yi mini kallon rago. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan? Wanda ko Tudun Wada aka aike shi sai ya dawo cin tuwon uwarsa? Ku zuba ido, kwanan nan za ku gan shi."

Maimakon in yi shiru kamar ɗan mutunci, sai na gyara wuyan kwat na ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Kawu, in kuka sake ganin ƙafata a garin nan kafin hutun makaranta, ku canza mini suna!"

Aka yi tafi. Aka raka ni har Kwanar Ɗangora, akwatin ƙarfena a bayan keken Baba, na shiga mota ina ɗaga hannu kamar mai tafiya Makka.

Washegari na isa ƙofar jami'a na tarar da ita a garƙame. Maigadi ya ce malamai sun tafi yajin aiki, an ce kowane ɗalibi ya koma gidan ubansa sai an neme shi. Na ce masa ni sabo ne, yau na zo. Ya ce ai na fi kowa sa'a, tunda ban kwance kaya ba.

Jama'a, tun daga can har Kwanar Ɗangora ba na jin ƙarar mota, muryar Kawu Ilu kawai nake ji. Na sauka na ba wani mai shayi ajiyar akwatina, na bi ta cikin gonaki a ƙafa, rana tana dukana, kwat tana dafa ni. Na daidaici lokacin da maza suka tafi masallacin Juma'a, na haura katangar bayan gidanmu, na faɗo kusa da Inna tana tankaɗe.

Dole in yi muku bayanin Inna. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar zamanin da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zancena a gaban mutane, ko ciwo nake yi sai dai ta tura wani ya duba ni. Ta ɗago ta kalle ni, ta mai da kanta kan rariya, ta ce wa garin da take tankaɗewa, "Wasu har sun gama karatun ke nan?"

Na durƙusa na gaya mata komai. Na ce ta rufa mini asiri zuwa ranar kasuwa, in lallaɓa in bi motar hatsi zuwa wajen Gwaggo a Doguwa, in zauna can har a buɗe makaranta. Ta ce, "A ina za a ɓoye ƙato a gidan nan?" Sai idona ya faɗa kan rumbun Baba.

Rumbun ƙasa ne babba, ƙofarsa a sama, a ƙarƙashin jinka, sai an kafa tsani ake shiga. Da yake bazara ce, dawa ta yi ƙasa, akwai fili. Na hau, na ɗaga jinka, na zura ƙafafu, na dira a kan dammunan dawa da kwat ɗina da littafin lissafi a aljihu. Inna ta janye tsani tana cewa, "Allah ya shirya."

Duk wanda bai taɓa zama cikin rumbu da bazara ba, ya gode wa Allah. Zafi, duhu, ƙaiƙayi a wuya, a hammata, a wuraren da ba zan faɗa ba. Inna takan zuro mini tuwo da buta a igiya in gida ya yi shiru. (Kada ku tambaye ni sauran bukatun ɗan Adam. An yi dabara, shi ke nan.) Daga ciki ina jin mata suna shigowa, "Ina labarin ɗan jami'a?" Inna ta ce, "Yana inda yake." Ba ta taɓa yin ƙarya ba, baiwar Allah.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ƙato ba ya juyi a kan busasshiyar dawa ba tare da an ji ba. Ana gobe kasuwa, da hantsi, na ji muryar Baba a gindin rumbu.

"Ilu, zo ka saurara. Kwana biyun nan wani abu yana cin dawar nan."

Na lafe a kan dammuna. Kawu Ilu ya buga jikin rumbu da sanda, na zabura, dawa ta yi ƙara.

"Gafiya ce, Yaya," in ji shi. "Kuma uwar gafiya. Ka ji nauyinta?"

Kawu Ilu ba abin da yake so a duniya kamar farautar gafiya. Kafin ka ce me, gida ya cika da maƙwabta, kowa da kulkinsa, an kewaye rumbu. Na ji yana ba da umarni a kawo kasko da garwashi da busasshen barkono, zai zura shi a igiya, ya rufe jinka, duk abin da ke ciki zai fito da kansa.

Duk fatana ya koma kan Inna. Kalma ɗaya za ta faɗa a fasa. Amma ta yaya za ta buɗe baki a gaban ƙanin miji da mazan unguwa ta ce ɗanta na fari ne a ciki? Na ji muryarta daga bakin madafa, a sanyaye.

"Malam, da an ƙyale gafiyar nan."

"A ƙyale ta ta cinye mana abinci?"

"Wataƙila… ba ta da wurin zuwa ne."

Aka fashe da dariya. Kawu Ilu ya ce, "Yau ga mai tausayin gafiya!" Inna ta sake gwadawa, ta ce ita dai a rage barkonon. Iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi mini ke nan, kuma Kawu ya ƙara wani dunƙulen.

Kawu ya kafa tsani ya hau, jinka ta ɗaga, haske ya shigo, kasko ya sauko yana lilo a saitin hancina, jinka ta rufe. Na yi niyyar daurewa, wallahi na yi. Na toshe hanci da hannun kwat, na ce injiniya ba ya ba da kai. Atishawar farko ta fito kamar an fasa taya. A waje wani ya ce, "A'uzu billahi, wannan ba gafiya ba ce!" Na ji ƙafafu suna ja da baya, wani yana cewa a kira liman.

Ban jira liman ba. Na taka dammuna, na ture jinka da kai, na leƙo: ido jawur, majina har haɓa, ƙaiƙayi fari fat a gashi, ga kwat. A ƙasa rabin unguwa ne, kulake a sama. Sai na ji bakina ya ce, "Salamu alaikum. Mun same ku lafiya?"

Kawu Ilu ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya har yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "To jama'a, shi ya ce a canza masa suna. Wanne za mu sa?" Ba a ɓata lokaci ba. Har yau, da furfurata da komai, in na je gida Injiniya Gafiya ake kirana.

Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya gyara tsani da kansa, ya riƙe har na sauko, ya shige ɗaki. Liman ne ya ja ni gefe daga baya ya gaya mini abin da ya fi barkonon yaji. Ashe tun ranar da na isa makarantar aka faɗi labarin yajin aikin a rediyo, duk gari an ji, ana ta jiran dawowata. Da aka ga shiru, kullum Baba sai ya hau kekensa a cikin ranar nan ya tafi Kwanar Ɗangora, yana bin direbobi yana tambaya ko sun ga wani yaro mai baƙar kwat. Bai gaya wa Inna ba don kada hankalinta ya tashi, kuma shi ma ba ya iya zancen ɗan fari da ita. Ita tana ɓoye masa ina rumbu, shi yana ɓoye mata na ɓace, suna cin tuwo a gida ɗaya.

Wata da watanni aka yi kafin a buɗe makarantar, na yi noman damina cur tare da Kawu Ilu. Abin da na koya kuwa, ba a aji na koye shi ba: in kunya ta biyo ka, ka shigo da ita ta ƙofar gida da sallama, a yi maka dariyar yini ɗaya a gama. In ka haura katanga da ita, kai za ka sha barkono, tsohonka kuma ya sha rana yana nemanka a bakin titi.