Bututun Shunayya da Rijiyar Assunta

Kamar kowace safiya, Assunta na tsaye a bakin taga tana tsoma busasshen burodi cikin kofi, idonta a kan rumfunan tumatir da bakin ganyensu ya ƙone saboda gishirin rijiya. Jikanta Dario, injiniyan ruwa na ƙaramar hukuma, ya turo ƙofa da takarda a hammata.

"...lafiya lau, amarya. Ba ki mutu ba ashe?"

"Sai na binne ka, mijin banza. Wata uku ka yi mini yaji, yau ka zo da takardar saki?"

"Takardar ruwa ce. Kowa a layin nan ya sa hannu sai ke. In ba a cika ba yau, a juya bututun zuwa masana'antar bulo, ku kuma ku ci gaba da noman gishiri."

"Ruwan masai na birni? Shekara huɗu kana jami'a, ashe kwasar kashi ka koyo."

"An tace shi sau uku, Kaka. Ya fi haƙoranki haske."

"Haƙoran nan su suka tauna maka nama lokacin da bakinka ba komai sai miyau."

"Tafki za mu haƙa, ya tara ruwan lokacin sanyi, gonaki su sha da rani. Duba taswirar."

"Na ga zane. Me ya sa bututun shunayya ne? Irin rigar da fadan coci ke sawa ranar jana'iza. Gawar wa za ku rako mini?"

"Don kada tsofaffi irinki su kafa baki su sha."

"Ni? Ko karen maƙwabta ba zan ba shi ba."

"To bokitin wa na gani jiya a famfon Malam Quang na layin baya, da aka riga aka ja wa bututun? Ja, mai karyayyen hannu?"

Ta ajiye burodin. Hankaka ya yi kuka a kan shinge.

"Ɗoɗɗoyata ce ke jin ƙishi, ba ni ba."

"Rijiya ta bayar, guga ya hana."

"Kada ka sa rijiya a bakinka." Ta zauna a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. "Na karanta takardar taka tun da aka aiko mini, shafi na uku. Wanda ya karɓi bututu, a toshe masa rijiya da siminti. Kakanka ya haƙa ta shekarar da aka haifi uwarka. Da ruwan ya fito, a cikin hularsa ya kawo mini."

"Na sani, Kaka. Sau biyu na roƙa a cire wannan sharaɗin. Sun ƙi."

"Kai ma ashe ba kowa ba ne a can."

"Ba kowa ba. A nan ma haka."

Dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, mai kama da tari. Ta ja takardar, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, kamar mai dasa iri. Sannan ta miƙa hannu saman kanta, ta sauko da kwalbar miyar tumatir guda, ta dangwara a gabansa.

"Ta bara ce. Ta ƙarshe da ta sha ruwan rijiya. Kada ka ba abokanka masu bulo."

"Ina za ki kuma?"

"In gaya wa rijiyar da bakina, kafin ku zo da siminti."

Ta zura takalman gona, ta fita, ba ta rufe ƙofar ba.