Jar Waya a Ƙarƙashin Kujerar Kaka

"...Ya gajiyar jiya, Amaryata? An tashi lafiya?"

"Wane tashi? Barcin na yi? Tun da ka saka wa motar nan aljani, kyanwa ma in ta gifta sai motar ta kwarma ihu."

Ƙafafun jikanta kaɗai Kaka take gani. Sauran jikin nasa yana ƙarƙashin sitiyari, a cikin tsohuwar motar marigayi kakansa da ke fake a rumfar tsakar gida. Sukundireba take kiransa, tun ranar da ya kwance mata rediyo yana yaro, ya mayar, kusoshi suka yi ragowa. Makarantar koyon sana'a ma rabi ya yi ya gudo, wai malaman ba su da sauri.

Tun rasuwar kakan, ita ke ɗumama motar kowace safiya, har sanyin ƙashi ya kama mata yatsu ta daina iya murɗa makulli. Sai Kawu, babban ɗanta, ya ce motar da ba a tayarwa ruɓewa za ta yi: yau zai leƙo, in ya tarar ba ta tashi, zai kawo mai saye. Shi ne Sukundireba ya samo rimot mai haɗe da jiniyar ɓarayi, don ta riƙa tayar da ita daga kan tabarmarta. Jiya ya haɗa. Tun jiyan ko da makulli motar ta ƙi tashi.

"Danna na sama," ya ce daga ƙasa.

Ta danna. Waifa ta hau share busasshen gilashi.

"Sannu, injiniya! Ka sauko mana da ruwan sama?"

"Ke kika danna da ƙarfi. Rimot lallaɓa shi ake yi, ba kamar kunnen jikoki ba. Danna na ƙasa."

Ta danna. Jiniya ta ɓarke, fitilun gefe suka hau ƙifta ido, kajin maƙwabta suka watse. Ya zabura zai fito, goshinsa ya gamu da sitiyari.

"Wayyo sitiyarin mijina! Bai fashe ba dai ko?"

"Au, sitiyarin kike tambaya? Ni mijin naki na yanzu fa?"

"Kai kanka ai ba komai a ciki, me zai zube?"

"Zan sake ki, tsohuwar nan. 'Yan mata suna can suna layi."

"Layin karɓar wayoyinsu da ka kwance ka kasa mayarwa."

Ya cire kan batir, jiniyar ta yi shiru. Ya zauna a bakin ƙofar motar yana murza goshi. Dariya yake yi, amma ya rasa inda matsalar take. Ya duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya sake naɗe kowane haɗi da salatif, ya kankare wurin da ya ɗaura wayar jikin ƙarfe har ya yi ƙyalli. In shi ya ƙona wani abu, to da hannunsa ya miƙa wa Kawu motar.

"Laifin tsohon mijinki ne," ya ce. "Takardar rimot ɗin ta ce shuɗiyar waya a haɗa da shuɗiya, ɗorawa da ɗorawa. Na leƙa, komai ja! Hon ja, fitila ja, sitata ja. Wane irin mutum ne wannan?"

"Mutumin da ya sayi naɗi guda na jar waya ya ce sai ya ga bayansa. Kuma shi bai taɓa ruɗewa ba."

"To ni na ruɗe. Ga wata ma can, ta fito daga bayan makulli ta bi ƙarƙashin darduma ta shige gindin kujerar gefe. Ba ta zuwa ko'ina. Yanke ta zan yi in huta."

"Ka yanke me?"

Muryarta ce ta sa ya ajiye filaya. Kaka ta dafa bango ta miƙe, ta ƙi karɓar hannun da ya miƙo mata. A hankali ta zagayo ta ɗaya ƙofar, ta leƙa, ta tsaya.

"Wa ya taɓa min kujera?"

"Ni na tura ta baya jiya. Ƙafafuna ba su da wurin zama."

"Ƙafafun nan naka kamar sandar rake! Mayar da batirin. Jawo min kujerata inda ka same ta."

Ya yi yadda ta ce. Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafinta kamar mai shirin tafiya unguwa. Sannan ta sunkuya, ta zura hannu ta gefen kujerar ba tare da ta duba ba. Ya ji wani abu ya ce ƙyas.

"Miƙo min rimot ɗin naka, na bar shi a kan tabarma."

Ta danna. Motar ta yi tari sau ɗaya, ta girgiza, ta kama. Hon ya yi ƙara sau biyu, gajeru.

Sukundireba ya saki baki. "Makunni ne a wurin? Kujerar ce ta buge shi da na tura?"

"Saboda ɓarayi kakanka ya saka."

"To me ya sa bai saka a gefensa ba? Direba ne ke buƙata."

Kaka ta ɗora tafin hannunta a kan gaban motar, inda yake rawa. "Haka na tambaye shi. Kullum da safe sai ya leƙo kicin ya ce, mota ta ƙi tashi, zo ki lallashe ta. In bar abin da nake yi in zo in zauna in kunna masa. Mu ɗan zauna tana ɗumi, ya ba ni labarin banza."

"Hannunsa bai kaiwa ne?"

"Hannun da ke ɗauko min kwano daga saman kabad?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da salatif.

"Ashe tsohon ɗan duniya ne," ya ce. "Ni ina nan ina ta wahalar rubuta saƙo a waya, shi da jar waya ɗaya ya gama da ke."

"Ka kama ƙafarsa? Ko a mafarki."

"Bari dai in gyara hon ɗin nan. Bai kamata ya yi ƙara ba in an tayar, wata wayar na haɗa ba daidai ba."

Ta buge masa hannu. "Bar shi."

"Kuskure ne fa, Kaka."

"Na ce bar shi. Haka kakanka yake yi in ya dawo, sau biyu, kafin ya shigo. Duk shirmen da ka yi tun haihuwarka, wannan ne kaɗai ya yi amfani."

Ya janye hannunsa. Injin yana ta gurnani a hankali.

Can ta kwance bakin mayafinta, ta ciro makullin motar da tsohuwar fatar da ke maƙale da shi, wadda hannun kakan ya goge har ta yi santsi. Ta jefa masa a cinya.

"Riƙe. Rimot nawa, makulli naka. Ranar asibiti kai za ka kai ni."

"Kin yarda ni ne mijin kenan?"

"Direba dai. Kuma saura ka gaya wa kawunka zancen makunnin nan."

"Don me?"

"In ya zo shi kaɗai, mota ta tashi. In na hango shi da mai saye, sai in zo in zauna a kujerata."

Sukundireba ya kwashe da dariya har ya sake buga goshi a sitiyari.

"Na sallama, Amarya. Na fasa sakin."