Kuka a Kan Ƙwaron da Ya Ajiye Surukata a Ƙarshen Jeri

Zuwa ga Masu Girma,
Shehunnan Lissafi, Dattawan Kwamitin Kula da Yaren Pindra,
a duk ƙasar da Allah Ya ajiye ku.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da magen nan da ɗayanku ya sa a madadin hotonsa. Ina gajiya, ina aiki, yaya sanyin wajenku? Na san babu gurbin gaisuwa a fom ɗinku, an riga an nuna mini. To wannan takarda ba a fom na rubuta ta ba, kuma da Hausa take. Ku nemi mai fassara, yadda ni ma na sha nema a kanku.

Sunana Abdulmuɗallib Sulle, malamin firamare a Ruwan Bago ta ƙaramar hukumar Rogo, kuma sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta yankinmu. Ana kirana Injiniya. Ba wanda ya ba ni sunan, ni na fara rubuta shi a bayan babur ɗina, mutane suka bi.

Ga yadda muka haɗu da ku. Ƙungiyarmu tana da mutum saba'in da ɗaya da tarakta ɗaya. Idan ruwa ya sauka kowa so yake a fara yi masa huɗa, domin tsakanin na farko da na ƙarshe akwai sati uku, sati uku kuwa a gyaɗa ba abin wasa ba ne. A da ƙuri'a muke jefawa a hular shugabanmu, Malam Ɗanjuma, kuma duk shekara sai an ce wani ya lanƙwasa takardarsa yadda za a gane ta. Sai na miƙe a taro na ce kwamfuta ba ta da ɗan'uwa, ba ta da suruki. Na koyi yarenku na rubuta manhaja a waya, tunda kyauta kuka sake shi kuma kun ce kowa na iya leƙa cikinsa. Na haɗa 'yar manhaja mai layi arba'in, tana cakuɗa sunaye ta fitar da jeri. Aka tafa mini. Har wani ya ce zamana a ƙauye asara ne, ni kuma ban musa ba.

Shekara uku a jere mutum ɗaya ce take fitowa ta saba'in da ɗaya: mahaifiyar matata, wadda muke ce wa Inna. Ba zan ambaci sunanta ba. Ban taɓa ba, kuma ba a gabanku zan fara ba. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, daga gonar nan take samun gyaɗar da take matsar mai tana tuyar ƙuliƙuli. Ni na rubuta ta a ƙarshen rajista da hannuna, don kada a ce sakatare ya gabatar da surukarsa. Bara ruwa ya ɗauke gyaɗarta ba ta ƙosa ba, da aka cire rabi kwanso ne babu ƙwaya. Daga nan matata Bahijja ta daina kirana Injiniya.

Da rani na zauna na juya ƙuri'ar sau dubu. Sau dubu na ƙarshe yana ƙarshe. Na rage sunayen zuwa sittin, komai ya cakuɗu lafiya lau. Ashe idan jeri ya wuce sittin da huɗu, abin cakuɗawarku ba ya taɓa na ƙarshe, inda ya same shi nan yake barinsa. Irin wannan kuskure ne kuke kira ƙwaro a sana'arku. Daga nan koke-kokena suka fara, ga su nan cikin ladabi.

Na ɗaya. Rahotona na farko kwana biyu na yi ina tsara shi da Turanci, ƙamus a gefe. Na gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, na yi addu'a ga iyayen da suka haife ku, na yaba ƙoƙarinku shafi ɗaya da rabi, sannan na shiga magana. Na hau babur har bakin titin Rogo Sabon Gari inda sabis yake da ƙarfi, na tura. Kafin na mayar da waya aljihu an rufe rahoton. Wani mutum-mutumi da kuka ɗauka gadi ne ya rufe, wai ban cika fom ba. Ranku ya daɗe, wa ya yi wa wannan ma'aikaci tarbiyya? Mu nan ko gobara ka zo faɗa sai ka yi sallama. Daƙiƙa huɗu ya ɗauka, ko sunana bai karanta ba, kuma ya rufe da fatan na wuni lafiya.

Na biyu, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Na cika fom. Kafin na tura sai na bi diddigi har na gano layin da ya lalace, layi na ɗari biyu da goma sha biyu. Kuna da wani abin aiki mai nuna sunan wanda ya rubuta kowane layi, kun kuma raɗa masa sunan zargi, ko kunya babu. Na danna. Sunan wa ya fito? Dattijon da ya ƙirƙiro yaren da kansa, mai furfura har a gira, wanda na kalli laccarsa sau tara. Ni Abdulmuɗallib, da na koyi abin nan a waya mai fasasshen gilashi, na tsaya a bainar duniya na ce wa wannan bawan Allah ya yi kuskure? Sai na yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi. Na buɗe rahoton, mai lamba 4187, da cewa babu shakka laifina ne, ƙarancin ilimina ne ya sa nake ganin kamar na ƙarshe ba ya motsi, layin Dattijo daidai yake, amma idan an samu sarari a ɗan waiwaye shi. A Ruwan Bago, idan ka yi wa babba wannan magana, a take ya san ka kama shi dumu-dumu, sai ya gyara a ɓoye, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ku kuwa sai mai hoton mage ya rubuta cewa tunda mai rahoto ya amsa kuskurensa ne, an rufe. Ya liƙa mini tambari: kuskuren mai amfani. Har da gode mini a kan gaskiyata. Yanzu fisabilillahi, duk cikinku babu wanda ya taɓa zama da manya?

Na uku. Da na ga haka sai na bi ta hanyar da aka sani, na nemi ɗan aike. Na rubuta wa mai hoton mage imel shi kaɗai, na roƙe shi ya samu Dattijo a keɓe, bayan ya ci abinci ya huta, ya ɗan raɗa masa. Mutumin nan ya kwashe wasiƙar tawa kaf, har da inda na ce kada kowa ya ji, ya manna ta a ƙarƙashin rahoton, wai a wajenku komai a fili ake yi. Daga nan mahawara ta ɓarke. Amsa talatin da ɗaya na ƙirga. Wani ya ce ƙuri'a ba ita ce hanyar raba tarakta ba, ya kawo lissafi shafi uku. Wani ya ce mu bar Pindra mu koma wani yare da ya fi sauri. Biyu suka yi kwana huɗu suna faɗa a kan sunan da ya dace da abin cakuɗawar. Wata baiwar Allah, cikin tausayi, ta tambaya me ya hana mu sayi tarakta ta biyu. Na gode mata, shawarar ba ta taɓa zo mana ba. Mutum ɗaya ne ya nemi na turo ainihin jerin sunayen don ya gwada. Wato na baza sunan surukata a intanet? Na goge shi na rubuta Wance, sai kuma na ga Wance a ƙarshen jeri ta yi kama da raini, na fasa turawa gaba ɗaya. Aka ce mai rahoto ya ƙi ba da haɗin kai. Duk cikin talatin da ɗayan nan babu wanda ya buɗe layi na ɗari biyu da goma sha biyu, domin ni da bakina na ce lafiyarsa ƙalau.

Na huɗu. Ana saura wata ɗaya ruwa ya sauka na kai kukana Ƙaraye, wurin Malama Mas'uda, mai koyar da lissafi a sakandare, wadda muka yi kwaleji tare. Ta karanta rahotona ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ce: “Injiniya, da ka ƙara sunan jakin Malam Ɗanjuma a ƙarshen jerin, ai da shi zai riƙa zuwa na ƙarshe, Inna ta huta.” Wata biyar ina fama, wannan dabara ba ta ko gifta mini ba. Sannan ta ja kwamfutarta ta rubuta muku layi uku. Babu sallama, babu ina gajiya. Ta ce layi kaza kuskure ne, ga gwajin da ya nuna, ga gyaran. Na riƙe kai na ce ta jawo mana. Kwana biyu aka karɓi gyaran. Dattijo da kansa ya fito ya rubuta cewa shirme ya tafka shekara shida da suka wuce, ya gode. A gaban kowa. Ni na ji masa kunya, shi ko a jikinsa. To ina tambaya, wace irin majalisa ce mai ladabi zai yi wata biyar a bakin ƙofa, mai tsaurin ido ta shiga a kwana biyu? Kun sa sunan Mas'uda a jerin waɗanda kuka gode wa, ta cancanta. Nawa sunan yana nan a 4187 da tambarinsa, kuma an ce mini ba a gogewa.

Na biyar. Ranar Asabar da ta wuce muka yi ƙuri'ar bana a ƙofar gidan Malam Ɗanjuma, da gyararren yarenku. Na yi wa jama'a bayanin ƙwaron tun daga farko, suka saurara kamar ana karanta musu takardar magani. Na danna. Cikin mutum saba'in da ɗaya, wa kuke tsammani ta fito ta ɗaya?

Inna ce. Sai Ja'afar mai faci ya yi gyaran murya ya ce lallai kwamfutar Injiniya ta yi suruka a bana. Aka kwashe da dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Na rantse, na juya musu fuskar kwamfutar, na ce kowa ya zo ya karanta layin da idonsa tunda a buɗe yake. Suka ce sun yarda, ai ba sai na rantse ba. Ni kuma na san abin da wannan yake nufi. Kafin la'asar saƙo ya iso ta bakin Bahijja: Inna ta ce a mayar da ita inda ta saba, ba za a yi da mijin 'yarta a gari saboda ita ba. Na aika a ce ta karɓi nawa layin, na goma sha tara. Ta ce wannan ma magana ce. Da yatsana na ɗauke ta daga sama na mayar da ita ta saba'in da ɗaya, aikin da ƙwaronku ya shekara uku yana yi mini ba tare da na sa hannu ba.

Wannan koke na biyar, na duba sama da ƙasa ban ga wanda zan kai ƙara ba sai ni. Duk shekarun nan uku, idan na je gaishe ta, daga bayan labule take cewa ba komai, rabo ne, ita ce ma ba ta yi rajista da wuri ba. Ni kuma sai na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, na tashi na hau babur. Ku baƙi ne, ba ku san irin wannan magana ba, kuna da uzuri. Ni a cikinta aka haife ni, kuma sau uku ina rufe mata rahoto. Wallahi da na gane haka, tuwon ranar bai wuce mini ba.

Saboda haka ba gyara na zo nema ba, kun riga kun yi, Allah Ya saka. Sanar da ku nake cewa ruwa ya sauka shekaranjiya, tarakta tana gonar mutum na biyu, kuma ba za ta kai ga Inna ba sai nan da sati uku. Na aro garmar hannu wurin Malam Ɗanjuma. Rabona da riƙe ta shekara goma sha ɗaya, tafin hannuna ya yi laushi kamar na jariri. Gonar kadada ɗaya ce da 'yan kai. Mas'uda ta lissafa mini, ta ce idan na fita bayan asuba kullum, na koma bayan an tashi makaranta, zan gama a kwana goma sha biyu, in bayana bai riga ni gamawa ba. Inna ta aiko a ce kada na wahalar da kaina, ba komai. Gobe zan fara ta kusurwar gabas, wajen tsamiya.

Ku huta lafiya, Allah Ya ƙara wa Dattijo girma, Ya raba layukanku da ƙwari, Ya shirya mai gadinku.

Naku mai biyayya har abin ya yi masa yawa,

Abdulmuɗallib Sulle
Sakataren Manoman Gyaɗa, Ruwan Bago
Mai rahoto na 4187