Wakilin Ango a Cikin Ruwa

Ko komai zai kuɓuce mini, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Bukar ba. Ba don shagali ba, don abin da na jawo wa kaina.

Damina ce, ruwa ya yanke hanyar ƙauyen su amarya, can gaba da Katagum. Muka taso daga Azare da sassafe, muka bar mota a bakin ruwa, muka shiga jirgi mai inji. Tunda mahaifinmu ya rasu ni ne babba, don haka ni ne wakilin ango. Tun a gida kawunmu Alhaji Modu ya ja mini kunne cewa uban yarinyar liman ne, in ya ce ƙarfe ɗaya, to ƙarfe ɗaya ce. (Har na ji haushi. Ni da nake tsare 'yan makara a ƙofar makaranta kullum, ni za a koya wa lokaci?)

A rabin hanya mai jirgin ya tsaya a wani ƙauye zai sauke buhunan taki. Ya ce, "Minti goma, ba ƙari. Duk mai sauka kada ya yi nisa."

Ni kuwa ƙamshin kifi banda ya riga ya kama ni. Na ce wa Bukar yanzu zan dawo, na bar masa jakata, wayata kuma tana ciki. Mai kifin, wata dattijuwa, ta ce na kan faranti na jiya ne, masu kyau suna kan wuta a gida, nan bayan masallaci. "Nan" ɗin ashe lungu uku ne. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, mijinta ya fito muka shiga hirar shinkafar da ruwa ya cinye. (Allah ya sani, har shawara na ba shi, ni da ban taɓa noman shinkafa ba.)

Sai na ji ƙarar inji.

Na miƙe zumbur. Na suri ƙullin kifi, na tattare babbar riga, na zuba da gudu. Na ɓata hanya sau biyu. Ina isa bakin ruwa na ga inda muka tsaya wayam, can kuma ga jirgi yana tafiya, cike da masu fararen kaya.

A zuci na hango liman zaune yana tambayar ina wakilin ango, mutane suna kallon juna. Na tuna shekara uku Bukar yana zirga-zirgar neman auren nan. Me zan faɗa wa Hajiyarmu? In ce kifi?

Ban san lokacin da na faɗa ruwa ba. Gwiwa, cinya, har ƙugu, kifi a sama da kaina kamar shi ne abin ceto. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, hulata ta faɗi ta bi ruwa.

"Ku tsaya! Bukar! Kawu!" Ba wanda ya waiwayo. Tsoro ya koma fushi. "Wane irin wulaƙanci ne wannan? Ni za ku bari? To ku je, in ga uban da zai karɓa muku auren!"

Sai na ji an yi gyaran murya daga gefen dama.

"Malam Babba."

Na juya. Jirginmu ne, a gindin wata bishiya, ko taku ashirin bai kai ba. Ashe matsawa ya yi ya ba jirgin 'yan kasuwa wuri, su nake ta zagi. Mutanenmu duka suna zaune suna kallona. Bukar ya cusa fuska a cikin jakata, kafaɗunsa suna rawa.

Kawu bai ɗaga murya ba. "In ka gama yi mana faɗan, ka fito mu tafi. Minti arba'in ke nan muna jiranka."

Har muka isa ina ta roƙon Allah a zuci kada mu tarar an watse. Ɗaya da rabi muka shiga, jama'a sun fara miƙewa. Liman ya dubi agogonsa, ya ce, "Wane ne wakilin ango?"

Hannaye suka nuno ni: riga sharkaf, silifa na aro, hular mai jirgi a ka, ƙarnin kifi yana tashi. Ya daɗe yana kallona.

"Malam, su dai a jirgi suka zo. Kai iyo ka yi?"

Wurin ya ɓarke da dariya, har shi. Dariyar nan ce ta cece mu, aka koma aka zauna, aka ɗaura aure. Da na ce "Na karɓa," haƙorana kaɗawa suke.

Tun daga ranar, in na makara, shiru nake zuwa, da ban haƙuri a bakina. In kuma zagi ya taso mini, sai na duba dama da hagu tukuna, don yawanci waɗanda nake shirin zagin suna nan kusa, ni suke jira.